Neman Gyaɗa Cikin Garin Aya

Ku da kuka zo da niyyar buɗe ɗakin gwajin abinci a Bagudo, na ji abin da ɗayanku ya faɗa tun kafin ku zauna, wai aikin bai wuce gwajin zazzaɓin cizon sauro ba, a ɗiga ruwa a tsinke a jira layi ya fito. Ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Ku gyara zama ku ji yadda na yi shi, in ya so sai ku yanke shawara.

Sunana Isa, mutumin Zagga ne ni. Ina haɗa sinadarai da wanke kwalabe a ɗakin gwajin wata sakandare Alhaji Bawa ya aiko a kira ni. Ɗan kasuwa ne, yana sayen aya da riɗi da kayan yaji a ƙauyukanmu, a niƙa a ɗura a leda, a bi da su ta Tsamiya zuwa Kwatano, daga can jirgin ruwa ya kai su Turai. Masu sayen kayansa ne suka kafa masa sharaɗi cewa kada a sami ko ɓurɓushin gyaɗa a ciki, domin a wajensu akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta, ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu maƙogwaro. Mu da muka tashi da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli abin dariya ya ba mu. Alhaji bai yi dariya ba, don an taɓa dawo masa da kaya daga bakin teku. Ya ware ɗaki a bayan sitonsa, ya sa masa silin da tayil, ya ɗauko wata mata daga wajen Kandi a ƙasar Benin, Hajiya Safura, wadda ta daɗe tana wannan aiki a Kwatano. A hannunta na koya.

Aikin farko da ta ba ni wani gari ne mai ruwan ƙasa a kwalba, babu rubutu a jikinta. Na auna, na jiƙa shi a ruwan gwaji mai ɗumi, na girgiza, na bari ya kwanta, na tsoma tsinken. Tsinken yana da wurin layi biyu: na sama yana nuna cewa tsinken lafiyarsa ƙalau, na ƙasa kuma shi ke fitowa idan akwai gyaɗa. Na sama kaɗai ya fito.

Ta ce, "Isa, mi ka gani?"

Na ce, "Layi ɗaya, Hajiya. Babu gyaɗa."

"To buɗe kwalbar ka shinshina."

Garin ƙuli-ƙuli ne zalla. Ta sa na ɗebi kaɗan daga ruwan na tsarma shi da sabon ruwan gwaji, na sake tsarmawa, na kuma tsarmawa, sannan na tsoma sabon tsinke. Layin ƙasa ya fito jawur. Ta yi mini bayani cewa idan gyaɗar ta yi yawa ƙwarai takan cushe tsinken, ta cike duk inda ya kamata ta maƙale, layin ya kasa haɗuwa, sai samfurin da ya fi kowane haɗari ya fito kamar mai tsabta. Daga ranar ban ƙara tsoma tsinke a abin da ban duba launinsa ba, ban ji ƙanshinsa ba, ban kuma tambayi inda aka niƙa shi ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sikeli mai murfin gilashi wanda ko numfashi ka yi kusa da shi lambarsa sai ta motsa. Akwai ƙaramin injin niƙa da ake kwancewa a wanke bayan kowane samfur, da tukunyar lantarki mai riƙe ruwa a ɗumi ɗaya, da na'urar da ke wulwula kwalabe har dusa ta kwanta ruwan ya tace a sama. Akwai fifet, abin zuƙo ruwa daidai awo, wanda ake canza masa baki duk ɗiba. Sai firji, inda magungunan gwajin ke zama. Ba sa son zafi, ba sa son ƙanƙara. Wutar garin nan kun san halinta, don haka janareta ɗaya aka ware wa firjin shi kaɗai, ko fanka ba a jona masa. Hajiya ta kuma hana ni cin gyaɗa duk ranar aiki. Riga daban nake sawa, takalmi daban, in wanke hannu har gwiwar hannu kafin in sa safar hannu. Maiɗakina ta koma yi mini kwaɗon zogale ranar Juma'a kawai.

Ranar da aka fara tura ni ɗibar samfur a sito, na ɗebo daga bakin buhu ɗaya na dawo. Hajiya ta mayar da ni. Gyaɗa ba ta bazuwa cikin gari kamar gishiri a miya, gutsure ɗaya kan iya zama a kusurwar buhu guda, sauran duk lafiya. Sai ka soka ƙarfen ɗiba a sama da tsakiya da gindin buhuna masu yawa, na gaba da na can ƙurya, ka haɗa, ka niƙa har ya yi laushi, ka gauraya, sannan ka ɗebi ɗan abin da za ka auna. Wanda ya yi ganganci a nan, duk abin da zai yi a ɗakin gwaji wahalar banza ce. Kuma kowane abinci da halinsa. Gyaɗar da aka soya ta fi ɗanya wuyar kamawa, domin wuta tana dunƙule sinadarin da muke nema ya ƙi narkewa a ruwa. Kanumfari da wasu kayan yaji sukan riƙe shi su hana shi fitowa, sai an zuba garin madara a ruwan jiƙon ya kwance shi. Shi ya sa duk sabon abinci da aka kawo, sai mun ware wani kaso mun sa masa 'yar gyaɗar da muka auna da hannunmu. Idan gwaji bai ga wadda muka sa ba, ba za mu yarda da shi ba in ya ce babu a sauran.

Idan mai saye yana son sanin yawan gyaɗar, ba akwai ko babu kawai ba, sai a yi gwajin faranti, wanda a littafi ake kira Elisa. Farantin roba ne mai ƙananan ramuka jere. A ramukan farko kana zuba ruwan ma'auni, daga wanda babu gyaɗa sam zuwa mai ƙarfi, a sauran kuma samfurinka. Ka jira, ka wanke, ka zuba magani na biyu, ka jira, ka sake wankewa, ka zuba na uku. Inda gyaɗa take sai ramin ya yi shuɗi, ka ɗiga ruwan tsayarwa ya koma ruwan ɗorawa, na'ura ta karanta ƙarfin launin ta kwatanta da na ma'auni. Da sassafe muke yinsa kafin ɗaki ya ɗau zafi. Hannu ya yi rawa ɗigo ya faɗa ramin maƙwabci, ko a yi sakaci da wanki ɗaya, farantin ya tashi aiki, ga shi daga Kwatano ake kawo shi a cikin kula mai ƙanƙara. Wani lokaci ma gwajin kan ruɗe. Wani garin yaji ya taɓa nuna mana gyaɗa alhali mai shi ya rantse bai sa ba. Da muka aika samfurin birni aka yi masa gwajin ƙwayar halitta, sai ga shi hulba ce a ciki, ita ce tsinken ya ɗauka gyaɗa saboda danginsu ɗaya.

Akwai wani garin aya da ya riƙa ba mu layi siriri, kamar za a ce babu. Ayar da ba a niƙa ba tsaf take, garin ne ke da matsala. Matan Zagga ne ke niƙa wa Alhaji a injin unguwa, don haka muka ɗauki auduga a tsinke muka je. Mai injin ya ce kullum sai ya wanke kafin ya zuba aya, kuma gaskiya ya faɗa, bakin injin fes yake. Hajiya ta sa ya kwance farantan niƙan, na goga auduga a bayansu, inda markaɗen gyaɗar safe ke taruwa ya bushe. Nan take layi ya fito. Babu wankin da zai kai wurin sai an wargaza injin. Alhaji ya saya wa matan injinsu daban, aka shafa masa koren fenti, ba a zuba masa komai sai aya. Shugabarsu, Inna Kulu, ita ke riƙe da makulli. Takan ce, "Ko uwar mijina ta zo da gujiya, komawa za ta yi." Gujiya dai kun san haka muke ce wa gyaɗa a nan. Shekarun da suka biyo baya kayan Alhaji ba su ƙara dawowa ba, matan kuma suka sami abin yi na dindindin.

Wata ranar kasuwa wani Bafulatani ya yi sallama a ƙofar ɗakin, riƙe da hannun 'yarsa da wani ƙullin leda. Malam Sambo sunansa, rugarsu na kusa da Bahindi, yana noma yana kiwo. Yarinyar, Aisatu, 'yar firamare ce a lokacin. Ya ce tun tana ƙarama in ta ci wasu abinci sai leɓɓanta su kumbura, borin jini ya feso mata, numfashinta ya riƙa fita da ƙara. An yi rubutu, an yi turare, har wasu sun ce iska ce. Daga baya wani likita a Birnin Kebbi ya ce gyaɗa ce, a nisanta ta da ita.

Ya ce, "Mun bar gujiya a gida gaba ɗai, amma abin bai bari ba. An ce ku kuna ganin wadda ido ba ya gani."

Ya kwance ledar, ga biskit, ga alewa, ga garin kunu da aka niƙo a injin kasuwa. Hajiya ta shiga wajen Alhaji ta fito, ta ce ya yarda a riƙa gwada wa Malam Sambo da ragowar tsinke. Alewar lafiya take. Biskit ɗin da garin kunun duk sun nuna. Tun daga nan duk sabon abin da za a ba yarinyar sai ya fara biyowa ta teburinmu, kumburin kuma ya yi sauƙi har aka kusa mantawa da shi. Ita ce mutum ta farko da na gani da idona wadda aikinmu ya shafa, sauran duk suna ƙetaren teku. Takan tsaya a bakin taga tana tambaya, me ya sa wannan ya yi shuɗi wancan bai yi ba. Wata rana Hajiya ta sa mata safar hannu, ta bar ta ta riƙe fifet ta zuƙo ruwan famfo. Yarinyar ta ce wa babanta da Fulatanci wannan aikin za ta yi in ta girma.

Da ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, Malam Sambo ya yi ta jan ƙafa. Hajiya da kanta ta je ta ga shugabar makarantar da uwar kicin, aka yi tsari. Duk lokacin da sabon kaya ya shigo sitonsu, mai ne ko gari ko yaji, za a ɗebo kaɗan a aiko mana da ɗan kabu-kabu, sai mun ce lafiya a sa a tukunyar da aka ware wa Aisatu. Haka aka yi ta yi, yarinya tana karatunta, sakamakonta na kimiyya yana kyau.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Hajiya ta tafi gida ganin jikokinta, rufewar ta same ta a can. Kayan Alhaji suka taru a sito babu hanyar fita, magungunanmu kuma babu hanyar shigowa. Na yi ta tattalin abin da ya rage, na daina gwada kayan da ba za su tafi ko'ina ba, na bar tsinkayen domin saƙon makaranta, har suka ƙare. Hajiya ta yi ƙoƙari, ta sami kwali ɗaya a Kwatano ta ba wani mai babur ya biyo da shi ta daji. Tsakiyar bazara ce, ga shi ya yi ta laɓe-laɓe a hanya. Da kular ta iso na buɗe, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Na gwada tsinken da gyaɗar da na auna da hannuna, babu abin da ya fito. Na gwada farantin, ramin ma'auni mafi ƙarfi ma da ƙyar ya sauya launi.

A makon ne Malam Sambo ya zo da samfur na sabon zango. Na gaya masa halin da ake ciki.

Ya ce, "Malam Isa, ka gwada hakanan. Ko mi ya nuna, ya fi babu."

Na ce, "Malam Sambo, zo ka gani." Na jiƙa 'yar gyaɗa a gabansa, na tsoma tsinke, muka tsaya muna kallo. Layin ƙasa bai fito ba. Na ce, "Ka ga abin da na sa da idonka, ga shi ya ce babu. In na gwada abincin ɗiyarka da wanga, haka zai ce mini."

Ya daɗe yana kallon tsinken. Ya tambaya ko akwai wani wurin da ake gwajin. Akwai a manyan birane, amma kafin samfur ya je amsa ta dawo an cinye buhun. Na ba shi shawarar da nake da ita: kada ta ci yaji, kada ta ci abin leda, kada ta sha kunun da ba a gida aka niƙa garinsa ba. Yarinyar tana da jarrabawa a zangon, ta roƙe shi, ya mayar da ita makaranta da buhun garin gida da man shanu.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne mai. Farin man jarka da makarantar ke girki da shi ta Benin yake shigowa. Da ya yi wuya, wasu masu sayarwa suka fara haɗa shi da man gyaɗa na gida suna ɗurawa a tsofaffin jarkoki, ido ba ya bambancewa, hanci ma da ƙyar. Man shanun Aisatu ya ƙare a tsakiyar zango, uwar kicin ta ɗebi na jarka kamar yadda ta saba, tana ganin wanda muka sha gwadawa ne. Mai yana da wuyar gwaji, amma wanda aka matse a gida yana ɗauke da ɓurɓushin tunkuza, da tsinke mai kyau da mun kama shi. Wajen cin abincin rana yarinyar ta faɗi, wuyanta ya kumbura, magana ta gagara. Allah ya sa akwai malami mai mota a kusa, aka kai ta asibiti aka yi mata allura a kan lokaci. Ta rayu.

Na je rugar na gaishe su bayan an sallamo ta. Tana zaune a inuwa, akwatin makarantarta na jingine a jikin bukka. Na ce wa Malam Sambo iyaka ba za ta dawwama a rufe ba, ya ɗan jira, kaya za su zo a ci gaba kamar da.

Ya ce, "Malam Isa, karatu abu ne mai kyau, ni na kai ta da ƙafata. Amma ba ni sake aika ta inda ban san abin da ke cikin tukunya ba."

Makarantar jeka-ka-dawo da ke da darasin kimiyya ta yi wa rugarsu nisa. Aisatu ba ta koma aji ba.

Ko da aka buɗe iyakar, masu sayen kayan Alhaji sun riga sun sami wasu a wata ƙasa. Ya yi ta aike, ba su waiwayo ba, sai ya koma harkar shinkafa, wadda babu mai tambayar ko akwai gyaɗa a cikinta. Hajiya ba ta dawo ba, idanunta sun yi rauni, ta zauna wajen 'ya'yanta. Koren injin matan Zagga aka sayar wa wani mai markaɗe. Firjin ya koma gidan Alhaji ana sanyaya zoɓo. Ni kuma na koma gonata ta fadama, ba tare da na koya wa ko mutum ɗaya aikin ba, domin a shekarun da muke yi babu wanda ya ga abin koyo a ciki. Ku ne na farko da suka zo tambaya.

Da ranin da ya wuce na shiga kasuwar Bahindi sayen igiya, sai na ji an ce, "Baba Isa!" Aisatu ce zaune a layin masu nono, da goyo a bayanta. Muka gaisa, na tambayi babanta da shanu. Sai ta zaro wani gwangwani daga cikin ƙwaryar kayanta, garin kunun jarirai ne irin wanda ake shigowa da shi daga ƙetare. Ta ce yaron ya isa fara cin abinci, mijinta ya sayo masa, amma tana tsoron kada ya gado ta, ba ta kuma san abin da ke ciki ba.

Ta ce, "Baba, har yanzu ba a gwaji?"

Na ce ba a yi. Na karɓi gwangwanin na juya shi. Rubutun Faransanci ne, na nemi kalmar gyaɗa da Hajiya ta koya mini ban gan ta ba. Na gaya mata ban ga sun rubuta ba, amma ba zan iya ce mata babu ba. Na ce ta kai yaron asibiti a duba shi kafin ta fara ba shi komai na waje.

Ta karɓa ta mayar cikin ƙwaryar ba ta buɗe ba. Ta ce za ta ci gaba da daka masa gero a turminta. Har na juya zan tafi ta ce, "Baba Isa, in an sake buɗewa, a aiko a gaya mini."

Na ce to. Ban aika mata cewa kun zo ba tukuna.